Lesin ɗin Turanci a Tudun Wada: malamin ya iya, wurin ne sai a hankali

Masu tambayata kan lesin ɗin da na saka ƙanwata a Tudun Wada saboda WAEC, ga abin da na gani. Ni dai insha'in muhawara ne ya kai mu, don yarinyar nan in ka ce ta kare ra'ayi a takarda sai ta yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance.

Malamin kam ya san aikinsa wallahi. Ya fara da zana musu yadda WAEC ke raba maki 50 na insha'i: 10 na ma'anar abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na ƙa'idar rubutu, inda duk kuskure ɗaya na waƙafi ko babban baƙi ko harafin da ka ci ake zaftare rabin maki, wato kuskure 20 ya share maka wannan goman tas. Kalma 450 ake so, a minti 50 haka, shi kuma da agogo yake tsaya musu a ka.

Abin da ya fi burge ni, baya yarda da tsaka-tsaki. Ya ba su batun makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, ita kuma mutuniyar ta rubuta wai kowacce da amfaninta, ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa ya rubuta mata a gefe "to ke wanne kika zaɓa?" Tsarinsa shi ne ka faɗi ɓangarenka tun a sakin layi na farko, sannan hujja uku ko huɗu kowacce da sakin layinta da misalin da mutum zai gani a unguwarsu, ba surutun "kowa ya sani" ba, sai ka ɗauko hujja mafi ƙarfi ta abokin hamayya ka rusa ta da kanka kafin ka rufe. In tambayar ta ce muhawara ce a gaban jama'a to dole ka buɗe da gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, in kuwa maƙala ce ta jarida kanu za ka saka ba gaisuwa. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, sun haddace gaisuwar suna liƙa ta ko'ina.

Yanzu har a gida sai ta ce min "Yaya ina hujjarki", abin ya fara isata ma.

Wurin ne fa matsala. Ɗakin ƙarami, yara sun cika benci, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya sai dai fifita da littafi, janareto kuma sai an ga dama. Saboda yawansu takardar da ya karɓa ran Asabar wani lokacin sai wata Asabar ɗin ta wuce bata dawo ba, alhali gyaran nan shi muke biya wa kuɗi. Lokacin ma yana cin karo da Islamiyya, mun yi magana an ce za a duba, shiru.

Kuɗin ba laifi. In za ku kai naku ku nemi ajin safe na ƙarshen mako, ya fi sauƙin cunkoso, kuma ku tambaya tun a bakin ƙofa ko shi malamin ne da kansa zai riƙa duba takardun ko yaransa.