Teburin kuɗin wasa ko gasar kyauta: wanne ke tara jari a kartar poka?

Ɗan'uwa daga Garuwa ya tambaya ko sabon shiga zai iya tara jari a kartar poka ta intanet ba tare da ya sa ko sisi ba, kuma wace hanya ce ta fi tsakanin teburin kuɗin wasa, wato inda ake wasa da kuɗin da ba na gaske ba, da gasar da ake shiga kyauta.

Malam, teburin kuɗin wasa ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ka ci a can ba ya komawa sefa ko dala, amfaninsa kawai shi ne ka san dokoki da darajar hannu, wato katunan da aka raba maka. Yana ma iya ɓata maka wasa, domin wanda ba ya tsoron asara yakan bi kowane hannu har ƙarshe, abin da ba za ka gani ba inda ake zuba kuɗin gaske.

Gasar kyauta ita ce ke ba da kuɗi, amma ƙanana ne ƙwarai, kuma mutum ɗaruruwa ko dubbai ne ke rububinsu. A mintunan farko za ka ga 'yan wasa suna tura duk abin da ke gabansu a kan hannun banza, sai wanda ya iya haƙuri ya kai inda ake rabo bayan sa'o'i. A nan ƙasarmu ta shigo lissafi, domin idan aka ɗauke wuta ko intanet ta yanke, gasa ba ta jiran kowa, kasonka zai yi ta zaizayewa, ga kuɗin data kuma ya riga ya tafi.

Ana yawan kafa hujja da Chris Ferguson, ɗan wasan poka Ba'amurke, wanda ya fara da babu a shafin poka na Full Tilt a 2006 har ya tara dalar Amurka 10,000. Sai dai mutumin nan zakaran duniya ne na shekarar 2000, duk da haka ya yi watanni kafin ya haɗa dala 100 ta farko, kuma bai yarda ya zauna tebur da fiye da kashi 5 cikin ɗari na jarinsa ba. Shafin kansa ya kasa biyan 'yan wasa kuɗinsu bayan hukumomin Amurka sun dira masa a Afrilun 2011.

Kafin ka ɓata dare ɗaya, duba ko shafin da za ka shiga yana karɓar mutanen Kamaru, ko yana biya ta Orange Money ko MTN, da mafi ƙarancin abin da ake iya cirewa, kuma ka sani za su nemi katin shaida. A ganina kamfanoni sun shirya gasar ne don ka saba, daga baya ka sa naka, wanda shi ne cacar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta. Hukuncin gasar kyautar kanta kuwa, a tambayi malamai.