Wata takwas da raba izinin shiga asusun jarina

Shekara da shekaru lambar sirrina tana hannun mutum uku: ni, babban ɗana, da akantan da ke haɗa mana lissafin shago a Kantin Kwari. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne, domin wanda ka damƙa wa makullin sito, me ya rage ka ɓoye masa? Sai da kamfanin da ke ba ni shawara kan zuba jari ya buɗe sabon shafinsa na intanet, jami'ar da ke kula da asusuna ta zaunar da ni ta ce, "Alhaji, daga yau kowa da tasa ƙofar. Kai za ka faɗi inda kowa zai tsaya."

Izinin hawa uku ne. Akwai na gani kawai, akwai na wanda zai iya shirya umarnin saye ko sayarwa amma ba ya tafiya sai na amince, sai kuma cikakken iko, wanda na bar wa kaina.

Akanta na ba shi na gani, kuma ya ishe shi. Abin da yake bukata shi ne takardun bayanin asusu: nawa hannayen jari suka kawo, yaushe kuɗin hayar sukuk ya shigo, wato takardun jari irin na Musulunci da ke biyan haya maimakon kuɗin ruwa. Ina cikin masu riƙe da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kuma sau biyu a shekara ake biyan hayar. Da lokacin fitar da zakka ya zo, ya sauke takardun da kansa, muka kai wa malaminmu, aka fitar da ɗaya cikin arba'in ba tare da na taka ofishin kowa ba.

Na ɗana ne ya yi mini nauyi. Ranar da na gaya masa an canja lambar, an buɗe masa tasa a hawa na biyu, ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ko na yi wani laifi ne?" Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Na nuna masa shafin da ke rubuta wanda ya shiga, da ranar, da abin da ya taɓa. Na ce masa a da, idan wani abu ya ɓace, mu ukun duk da suna ɗaya muke shiga, ba yadda zai wanke kansa a gaban ƙannensa. Yanzu kuwa rubutun nan shaidarsa ne. A gida mai ɗakuna biyu irin nawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi na fi yaba wa shafin a kai.

Akwai kuma tsarin da ke hana kuɗi fita sai zuwa asusun banki mai sunana da lambar BVN ɗina. Wannan ya kwantar mini da hankali, kamar yadda ganin sunan kamfanin a jerin masu rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ya yi tun farko. Duk wanda ya ga yadda MMM, tsarin zuba kuɗi na damfara, ta tafi da kuɗin mutane a 2016 ba ya raina wannan binciken.

Amma akwai inda suka gaza. Izinin gani ba ya rarrabewa, komai yake buɗewa. Na so akanta ya ga jarin shago kaɗai, sai ga shi yana kallon har abin da nake tara wa 'ya'yana mata na kayan ɗaki. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga maganar ba, amma sirrin gida na gida ne. Sannan da na je China sayo kaya, ɗana ya shirya umarnin sayar da wani hannun jari, lambar amincewa kuwa ta saƙon tes take zuwa. Layina bai kama ba sai bayan kwana biyu, lokacin farashin ya riga ya sauka. Ga shi kuma duk bayanin da Turanci yake, a garin da manyan 'yan kasuwa da yawa da Hausa suke lissafinsu.

Na kuma tambayi jami'ar da ke kula da asusuna, idan ta Allah ta kasance fa? Ta ce, "Alhaji, Allah Ya ja da rai, amma izinin nan ba wasiyya ba ne. Da rasuwa yake ƙarewa, sai magada sun kawo takardar kotu." Don haka na rubuta sunayen asusun duka a takarda, na ajiye wurin da iyalina suka sani.

Na riga na rubuta musu kan a bar mutum ya zaɓi asusun da kowa zai gani, a kuma ƙara hanyar amincewa ta imel. Kafin su gyara, nakan buɗe wa akanta izini mako guda a ƙarshen wata, idan ya gama in rufe.