City College ko Arizona State, wacce ce ta ko-ta-kwana ga yarinyar da ta yi karatu a gida?

Hajiya sannu da ƙoƙari, tun jiya da dare na ga tambayarki amma na bari sai na samu zama, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ga waɗanda ba su gani ba, 'yarta za ta shiga aji 12 a watan Satumba, a gida take karatu nan Bronx a birnin New York tun aji bakwai saboda ta samu sukunin yin hadda, kimiyya take so musamman kemistiri, ta ci 1380 a SAT, wato jarabawar neman shiga jami'a, kuma jami'o'in da ta rubuta duk manya ne, MIT, Cornell, Columbia, sai Stony Brook. Shine Hajiya take tambaya wacce za a saka a matsayin sefti, wato ta ko-ta-kwana in sauran sun ƙi, City College da ke Harlem ko Arizona State da wata maƙwabciya ta ba ta shawara.

Ni ma ɗana a gida ya yi sakandare kuma na bi wannan hanyar da ƙafata, shi ya sa zan faɗa miki abin da na gani. Yaran da ke makarantar gwamnati in suna neman sefti abin da suke dubawa kawai shine kashi nawa jami'ar ke ɗauka cikin masu nema, mu kuwa wannan lissafin bai ishe mu ba, saboda takardar sakamakon 'yarki ke kika rubuta ta ke kika sa hannu, kuma wanda zai karanta ta a ofishin ɗaukar ɗalibai bai san ki ba bai san irin tsananinki wajen ba da maki ba. Don haka tambayar farko da za ki yi wa kowace jami'a ita ce wace takarda take so daga yaron gida, kuma kina da ita a hannu ko babu. Sai kuɗi, sai kuma ko yarinyar za ta yarda ta zauna a can shekara huɗu ranta a kwance.

Bari in fara da Arizona State tunda ita ce ke da ƙa'ida a rubuce. Suna son darussa 16 na sakandare: Turanci shekara 4, lissafi shekara 4, kimiyya mai gwaji a lab shekara 3, ilimin zamantakewa 2, wani yare 2, sai fasahar zane ko sana'a 1. Bayan haka ɗan wata jiha yana buƙatar ɗaya daga cikin wasu sharuɗɗa, daga ciki akwai 1180 a SAT ko 24 a takwararta ACT, kinga ke nan 1380 ɗin 'yarki ta wuce da tazara. Ba sa tilasta rubutun insha'i, ba sa tilasta wasiƙar malami, kuma suna amsawa ne a hankali a hankali yadda takardu ke shigowa ba sai an jira watan Maris ba, wato in kin tura da wuri kina iya samun amsa tun kafin sanyi ya shigo. Wallahi samun wannan amsar guda ɗaya a hannu kafin a fara jiran manyan yana kwantar wa yaro da hankali ƙwarai.

Amma ga inda ake tuntuɓe. Ga yaran gida suna da wani fom na musamman da za ki bayyana gwaje-gwajen da aka yi a kowane darasin kimiyya, sannan da takardar shaida da uwa ko uba za su sa wa hannu cewa an kammala sakandare. To dokar karatun gida ta jihar New York kimiyya shekara 2 kawai ta wajabta daga aji 9 zuwa 12, lissafi ma 2, saboda haka mutum zai iya cika dokar jiharmu tsaf, rahotonsa na kowane zango ya tafi a kan lokaci, amma ya je Arizona a ce masa da saura. Ki zauna da takarda da biro ki ƙirga, bayoloji, kemistiri, fiziks, kowanne an yi gwaji da hannu ko bidiyo kawai aka kalla? Akwai littafin da ta riƙa rubuta abin da ta auna da abin da ya fito? Mu a namu gidan mun yi gwaje-gwaje da yawa a kicin da kayan da na saya ta intanet amma shekarar farko ban sa yaron ya ajiye rubutu ba, da lokacin cika takardu ya zo sai da muka koma muna tono tsoffin hotuna a waya da rasit ɗin sayen kaya don mu tuna me aka yi a wane wata, na sha wuya sosai kuma ba na so ki sha irinta.

Yanzu City College. Ita ba ta da wata lamba da aka rubuta aka ce duk wanda ya kai ta ya shiga, duba takardu suke su zaɓa, kuma sukan mayar da mutane da yawa, don haka ita kaɗai ba zan kira ta sefti ba ko da makin 'yarki mai kyau ne. Ƙarfinta a wani wuri yake: tana cikin CUNY, wato gamayyar kwalejojin gwamnati na birnin New York, kuma da fom guda ɗaya na dala 65 kina iya zaɓar kwaleji har shida. Sai ki sa City a sama, ki sa Lehman da ke nan Bedford Park a bayanta, can ƙasa kuma ki sa Bronx Community College wadda ƙofarta a buɗe take ga duk mai shaidar gama sakandare. Wannan jerin gaba ɗayansa shine seftin. In ma ƙaddara ta kai ta kwalejin shekara biyu, wanda ya gama da digirin shekara biyu na AA ko AS a CUNY yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwalejojinsu na shekara huɗu.

Sai dai kalmar nan shaidar gama sakandare ita ce duk maganar. Jihar New York ba ta ɗaukar difloma da iyaye suka buga a gida a matsayin difloma. Abin da ake nema shine wasiƙa daga babban jami'in ilimi na gunduma da ke cewa karatun da yaron ya yi daidai yake da na sakandare ta shekara huɗu, mu 'yan cikin birni ta ofishin masu karatun gida na hukumar ilimi ake bi, kuma abin da za su duba shine fayil ɗinki, tsarin karatun da kike turawa duk shekara wato IHIP, rahotanni huɗu na kowace shekara, da jarabawar ƙarshen shekara. In akwai rahoto ɗaya da ya ɓace tun aji 10 yanzu ne lokacin nemo shi, ba a fafe gora ranar tafiya. In wasiƙar ba ta samu ba akwai wasu hanyoyi, GED wato jarabawar da ke maye gurbin shaidar sakandare, ko jarabawar Regents ta jiha guda biyar, ko kiredit 24 na kwaleji da aka raba kamar haka: Turanci 6, lissafi 3, kimiyya 3, zamantakewa 3, adabi da makamantansu 3, sauran 6 a fannin da ɗalibi ke karanta. Kuma wannan doka ba CUNY kaɗai ta shafa ba, duk jami'ar da ke cikin jihar kafin ta ba da digiri sai ta ga ɗaya daga cikinsu, wato Stony Brook da Cornell da Columbia da ke jerinki duk suna ciki. Kinga ashe wasiƙar nan ko madadinta dole ce a kanki ko da Arizona a lissafi ko babu.

Kuɗi kuwa nan ne bambancin ya fito fili. Kuɗin karatu a City ga ɗan jiha dala 6,930 ne a shekara, kwalejin shekara biyu 4,800, ga tallafin TAP na jiha, ga tallafin Excelsior ga iyalin da abin da suke samu bai wuce dala 125,000 ba, ga Pell na tarayya da ke kaiwa 7,395, kuma yarinya a gida za ta kwana ta ci tuwon gida ta hau jirgin ƙasa na layin D ta sauka a titi na 145. Arizona State ga ɗan wata jiha kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 30,000 kafin a zo maganar ɗaki da abinci da tikitin jirgin sama na tafiyar kusan awa biyar, kuma TAP da Excelsior ba sa tsallaka iyakar New York, Pell ne kawai zai bi ta. Suna ba da sikolashif bisa maki kuma da 1380 akwai fatan ta samu wani abu, amma kar ki yi lissafi da fata, kowace jami'a doka ta tilasta mata ta saka kalkuleta a shafinta da ke ƙiyasta abin da iyali za su biya daga aljihu, ki shigar da alƙalumanki na gaskiya a duka biyun ki kwatanta. Jami'ar da ta ɗauki yarinya amma sai an ci bashi mai ruwa kafin a biya, a wurina ba ta ko-ta-kwana ba ce, kuma na san da yawa a cikinmu maganar ruwan nan kaɗai ta isa ta rufe zancen.

Ta fuskar kimiyyar kanta duka biyun ba abin rainawa ba ne, kuma ina so yarinyar ta ji wannan don kar ta ɗauka sefti wurin jefar da mutum ne. City tun 1847 take, Arno Penzias da Leon Lederman da suka ci kyautar Nobel a fiziks duk can suka yi digirin farko, kuma babbar cibiyar binciken kimiyya ta CUNY a harabarta take. Arizona State kuma ita ta jagoranci aikin kumbon Psyche da NASA ta harba a watan Oktoban 2023, katafariyar jami'a ce mai dubban ɗalibai, ajin kemistiri na shekarar farko zai iya zama ɗaruruwan mutane a zaure guda, kuma ga yarinyar da ta saba karatu ita da uwarta a falo wannan canji ne babba, sai mai baki da zuciyar zuwa ofishin farfesa ta ce ina son shiga lab ɗinka. Ke kika san halin 'yarki. Akwai masallaci dab da harabar jami'ar a garin Tempe, amma zafin bazara can yana wuce digiri 43, ko da yake wanda ya san Afrilun Yamai ko Sakkwato ba zai firgita ba.

Abu ɗaya da za ki kiyaye a duka biyun, shiga jami'a daban shiga fanni daban. In ta canza ra'ayi zuwa injiniyancin sinadarai, sashen Grove na City da sashen Fulton na Arizona kowanne yana da sharuɗɗan da suka fi na sauran jami'ar tsauri. Shirin haziƙan ɗalibai na Macaulay da shirin likitanci na Sophie Davis da ke CUNY kuma ta nema in tana so amma a ɓangaren masu wuyar shiga irin MIT za ki lissafa su.

To in ni ce ga abin da zan yi. CUNY ita ce seftin gaske saboda kuɗinta a hannunki yake, da sharaɗin kin fara bin wasiƙar nan tun yanzu. Arizona State ki ƙara ta a kai idan kimiyya mai gwaji ta cika uku kuma kalkuletar ta nuna abin da za ku iya, don ta ba ku amsa da wuri. Sannan wannan zangon da ke tafe ki sa ta ɗauki kemistiri mai lab a kwalejin shekara biyu a matsayin ɗalibar da ba digiri take nema ba, wannan darasi guda zai cike gurbin Arizona, zai ba ta maki daga hannun wanda ba uwarta ba, zai samar mata malamin da zai rubuta wasiƙa zuwa MIT da Cornell. Kawai ki tabbata ta yi shi kafin ranar da kika rubuta a matsayin ranar gama sakandare, saboda kiredit ɗin da aka ɗauka bayan gamawa yakan mayar da yaro ɗan canjin makaranta a idon jami'o'i da yawa, kuma sikolashif mafi tsoka na sababbin shiga ne. In kuma jarabawar AP take so a watan Mayu, wato ta darussan matakin jami'a da 'yan sakandare ke yi, tun Satumba za ki fara kiran makarantun unguwa ki nemi wadda za ta ba ta kujera, don a tsakiyar Nuwamba ake rufe odar takardun.

Ki turo min jerin darussan da ta yi daga aji 9 zuwa yanzu ta akwatin saƙo, da littattafan da kuka yi amfani da su, mu ƙirga tare a ƙarshen mako in sha Allah. Allah Ya yi mata albarka Ya sanya alheri a haddar da karatun duka.