Ramin Iyafis Ya Daina Aiki: Gyara Za Ka Kai, Adafta Za Ka Saya, Ko Bluetooth?

Ina cikin mota zuwa Zariya ina sauraron karatu ramin iyafis ɗin wayata ya fara ba ni matsala. Kunnen dama ya ɗauke, na murɗa kan iyafis ɗin ya dawo, mota ta faɗa rami ya sake ɗaukewa. Bayan kwana biyu abin ya rikiɗe. Na zare iyafis amma alamarsa na nan a saman gilashi, wayar ta ɗauka har yanzu yana jikinta. Bidiyo ba ya magana, in an kira ni ba na jin komai sai na danna sifika. Abin da na kashe daga ranar zuwa lokacin da na samu mafita ya ninka abin da ya kamata in kashe, kuma ba don matsalar babba ba ce, don ban san abin da zan zaɓa ba ne.

Kafin ka fitar da ko kwabo, tabbatar laifin ramin ne. Gwada iyafis ɗinka a wata wayar, ka gwada wani iyafis a taka. Sau da yawa wayar iyafis ce ta tsinke ta ciki, daidai wuyanta kusa da kai. Cire rigar wayar, domin wasu riguna masu kauri na hana kan ya shige har ƙarshe. Kashe Bluetooth, watakila sautin na tafiya wata sifikar da ka taɓa haɗawa. Kashe wayar ka kunna. Sannan ka duba kan iyafis ɗin: mai zobe biyu sauti kawai yake kaiwa, mai zobe uku shi ke da makirfo. Masu zobe ukun ma iri biyu ne, akwai tsarin CTIA da kusan duk wayoyin yau ke bi, akwai OMTP na tsofaffin Nokia da Sony Ericsson. In ka sa tsohon iyafis ka ji murya can nesa kamar daga rijiya, da ka danne maɓallinsa ta fito tangaram, to ramin lafiyarsa ƙalau, tsari ne bai zo ɗaya ba.

In duk wannan bai yi ba, haska ramin da tocila. Faɗinsa milimita 3.5 ne kacal, kuma ƙurar hunturu da zaren aljihu ba su da wurin taruwa kamarsa. Kullum ka cusa iyafis kana ƙara danna dattin ciki har ya zama dunƙule, kan ya kasa kaiwa ƙasa. Kashe wayar, ka samu tsinken sakace ka sassaƙe shi, ka zaƙulo dattin a hankali. Sannan ka naɗa 'yar auduga kaɗan a bakin tsinken, ka ɗan jiƙa ta da sifirit, ka juya a ciki, ka bar shi ya bushe kafin ka kunna. Kada ka sa allura ko fil. A cikin ramin akwai 'yan ƙarafa sirara masu taɓa kan iyafis, ɗaya daga ciki shi ke gaya wa waya an sa ko an cire, allura na lanƙwasa su. Kada kuma ka hura da baki, danshi kake ƙara masa. Da na san wannan tun farko, da ina jin ban je wurin mai gyara ba.

To in an share bai tashi ba, nan zaɓi ya zo.

Wanda nake so, kuma shi nake ba kowa shawara muddin bakin cajin wayarsa irin na zamani ne, wato Type-C, shi ne adafta: 'yar guntuwar waya da ba ta fi tsawon yatsa ba, kai ɗaya ya shiga wurin caji, ɗayan ramin iyafis ne. Ba sabon abu ba ne. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a Galaxy Note 10 a 2019, masu manyan wayoyi da ita suke amfani. Mu masu Tecno da Infinix da itel ne ba mu saba da ita ba, saboda yawancin wayoyinmu har yau da raminsu suke zuwa. Amma in ramin ya mutu, hanyar da masu iPhone suka bi a buɗe take gare mu.

Abin da ya fi jan hankalina gare ta shi ne ba a buɗe min waya. Ba a ɗaga marfin baya, ba a hura mata zafi, ba na barin ta hannun kowa. Ba ta da batir balle in ce caji ya ƙare. Sauti ba ya makara a bidiyo. Iyafis ɗin da na saba da shi, mai daɗin kunne, na ci gaba da amfani da shi, makirfonsa na aiki, maɓallin ɗaga kira na aiki. In ta lalace, ita kaɗai zan jefar.

Sai dai adaftar kashi biyu ce, kuma a ido ba ka bambance su. Ɗaya akwai ɗan cif a cikin kanta, wanda ake kira DAC, shi ke karɓar sauti daga wayar a matsayin lambobi ya mayar da shi abin da kunne ke ji. Ɗayar kuwa fanko ce, zaren waya ne kawai, tana jiran wayar ta turo mata sautin da aka riga aka sarrafa. Wasu wayoyin ne kawai ke iya hakan. Samsung da Google Pixel ba sa karɓar fanko, kuma wayar da ta zo da raminta na iyafis mafi yawanci ba a gina ta don ta fitar da irin wannan sautin ta wurin caji ba. Don haka mai cif za ka nema, ko da ta fi tsada. In ka sa ba ta yi ba, kada ka yi saurin mayarwa: shiga saitin wayar ka nemi OTG, wato abin da ke sa waya ta gane na'urar da aka jona mata ta wurin caji, ka kunna. A wasu wayoyi, kamar Oppo da Realme, yana kashe kansa in ya yi minti 10 ba a yi amfani da shi ba. Ta Apple mai kan Type-C, wadda suke sayarwa dala 9 a Amurka, tana da sauti mai tsabta kuma tana aiki a Android, amma a wasu wayoyin ƙararta ba ta kaiwa yadda ake so. Ta Samsung ta fi zama lafiya da Android, in ka samu gangariya.

Ba zan ɓoye inda take da rauni ba. Ba ka caji kana ji a lokaci ɗaya. Masu kai biyu da ake cewa suna yin duka, na araha cikinsu na sa tsaki a kunne da zarar an jona caja. Ba ta yi wa mai tsohon bakin caji, wato micro-USB, amfani. Kuma in matsalarka irin ta alamar da ta maƙale ce, adafta za ta ba ka sauti a kunne amma ba za ta dawo maka da sifika ba. Babbar asarar kuwa rediyo ce. Rediyon FM na cikin waya da wayar iyafis yake kama tasha, ita ce eriyarsa, kuma ta ramin asali take haɗuwa. Ta adafta mai cif yawanci ba ya kamawa. Wanda ba ya wuce labaran safe, ko yake jin tafsiri a gidan rediyo cikin azumi ba tare da data ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Bluetooth na kunne ba zan daɗe a kansa ba: wani abin caji ne ka ƙara wa kanka a ƙasar da wuta ba ta zama, batirinsa ba ya canzuwa, kuma ranar da ƙwaya ɗaya ta faɗa kwata shi ke nan. In dole ne, ɗauki na rataya a wuya. Ɗan akwatin Bluetooth da ake jona tsohon iyafis a jiki ya yi wa mota, ba aljihu ba. Sabuwar waya saboda ramin iyafis kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Saura gyara, kuma nan na ƙone. A wayoyi da yawa ramin iyafis na kan ƙaramin faifan ƙasa ne, wanda masu gyara ke kira daunbod, tare da bakin caji da makirfo. Aikin hanya biyu ne: ko a narka dalma a cire ramin kaɗai a sa wani, ko a canza faifan gaba ɗaya. Na kai tawa wani shago, yaron ya ce, "Yallaɓai, minti goma ne, je ka dawo." Na tafi na yi sallah. Da na dawo iyafis na aiki, na biya na tafi ina murna. Da daddare na kira gida, mahaifiyata ta yi ta cewa ba ta ji na. Kashegari na lura caji ya koma tafiyar hawainiya, sabis da yake cika a ɗakina ya dawo sanda ɗaya. Wani mai gyara na daban, dattijo, shi ya buɗe ya nuna min: an cire faifana na asali an sa kwafi, siririyar wayar eriya ma ba a danna ta a mazauninta ba. Ya ce, "Ɗana, da dattin nan kawai aka cire maka." Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Da na koma shagon farko neman tsohon faifana, aka ce an zubar.

Ba cewa nake duk masu gyara haka suke ba. A manyan kasuwannin waya irin Farm Centre a Kano akwai ƙwararru masu tsoron Allah da za su duba su ce maka wannan shara ce kawai, su karɓi na ruwa. Amma kai ba ka san wa za ka faɗa wa ba, don haka kare kanka. Kada ka tashi daga wurin har a gama. Cire layinka da memori. Gyaran ramin iyafis ba ya buƙatar lambar buɗe wayarka, in za a gwada kai ka buɗe da hannunka. Tambayi tun kafin a kwance ko ramin kaɗai za a canza ko faifan duka, ku yi ciniki a kan haka. In faifan ne, nemi wanda aka ciro daga wata wayar irin taka, ya fi sabon kwafi sau da yawa, kuma ka ce a ba ka tsohonka a hannu. In ka ga an ɗauko bulowa za a hura wa faifan zafi ba a kare makirfo ba, yi magana. Kafin ka biya, gwada abu huɗu a gabansa: iyafis, caji, kira da sifika da kuma ba sifika, sai sandunan sabis. Wanda ya ce maka matsalar ta kai ga babban injin wayar alhali bai ko haska ramin ba, karɓi wayarka ka ƙara gaba.

Adaftar ma jabunta sun fi gangariyarta yawa a kasuwa. Biyu na saya kafin na dace. Ta farko kwalinta fari tas da tambarin babban kamfani, an rubuta tana da cif, ashe fanko ce. Ta biyu ta yi aiki kwana huɗu, sai ta fara wani shuuu a kunne duk lokacin da karatu ya tsaya, daga baya makirfo ya mutu. Kwali ba shaida ba ne, masu buga jabu sun ƙware a kwali fiye da kayan da ke ciki. Akwai kuma wata yaudarar da masu iPhone mai tsohon bakin cajin Apple, wato Lightning, suka fi faɗawa: adaftar da in ka jona sai wayar ta ce ka kunna Bluetooth. Wannan wuta kawai take sha daga wayar, sautin ta iska yake zuwa, ka sayi waya ka kuma sayi matsalar Bluetooth a haɗe. Adafta ta gaskiya ba ruwanta da Bluetooth.

Don haka je da wayarka da iyafis ɗinka, ka gwada a tsaye a gaban mai kaya. Kashe Bluetooth tukuna. Kunna wani abu da ka san sautinsa, ka tabbatar kunne biyu na fita daidai. Tsayar da shi ka saurari shirun, in akwai tsaki ajiye ta. Yi saƙon murya a WhatsApp ka saurara, domin da yawa na kawo sauti amma ba sa ɗaukar murya. Kira wani. Danna maɓallin iyafis. Lanƙwasa wuyanta a hankali sauti na tafiya, in ya yanke ko sau ɗaya, ba za ta yi wata ba. Mai kayan da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ku yi sharaɗi a gaban mutane cewa in ba ta yi ba zai mayar maka da kuɗinka, ba canji ba. Kuma wadda ka gwada ita za ka riƙe a hannunka. Na ga inda aka karɓi wadda aka gwada da sunan za a sa a leda, aka miƙo wata. In ka ga farashin ya faɗi ƙasa warwas kuma ana rantsuwa orijinal ce, ka san me ake ciki.

Wayar baffana micro-USB ce, kuma shi rediyo ne abokin hirarsa, don haka da ramin tasa ya mutu gyara muka kai, wurin dattijon nan, na zauna a benci har aka gama. Ni kuwa tawa adaftar ta uku ce ke jikina har yanzu. A jikin iyafis nake barin ta, ba a jikin waya ba, domin in ta kwana a bakin caji cikin aljihu tana lanƙwasa tana kuma sassauta bakin, kuma bakin caji ya fi ramin iyafis tsadar rasawa. In zan cire, kan nake kamawa, ba na jan wayar.