Wane Ƙashin Baya na Roba Ya Dace Ka Saya?

A ajin da nake koyar da sassan jikin ɗan Adam, nakan miƙa wa ɗaliba gaɓa ɗaya ta ƙashin baya a tafin hannu, in ce ta faɗa mini daga ina aka ciro ta, wuya ko ƙirji ko tsatso. Wadda ta yi hadda kawai sai ta yi shiru tana jujjuya shi. Wadda ta saba taɓawa kuwa, da ta ga ƙananan huduji biyu a fikafikan gefe sai ta ce, "Malam, na wuya ne." Wannan sanin na hannu shi ne dalilin da ya sa ɗalibai da ƙananan asibitoci da makarantun jinya suke tambayata wane samfurin ƙashin baya na roba za su saya, tunda kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma kasuwar cike take da jabu.

Ba za ka iya tantance samfur ba sai ka san abin da yake kwaikwaya. Gaɓoɓin ƙashin baya 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari yake maƙale, 5 a tsatso, sai 5 da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya mai siffar allon garma da ake kira sakrum, sannan ƙanana, galibi 4, a can ƙarshe inda dabba take da wutsiya. Masu motsi 24 ne. Littattafai suna yi musu lamba da haruffa: C na wuya, T na ƙirji, L na tsatso, S na sakrum. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi 23 da suke shanye nauyi, kuma babu faifai tsakanin gaɓar farko da ta biyu. Laka tana bi ta ramin tsakiya, jijiyoyi suna fita ta gefe biyu-biyu har sau 31.

Babban zaɓi shi ne cikakken samfur mai girman na mutum, wanda yake farawa daga ƙashin ƙeya ya sauka har ƙugu, tsawonsa kamar santimita 75 zuwa 85. An zura masa waya mai lanƙwasuwa ta ciki, don haka za ka iya sunkuyar da shi kamar mai ruku'u ko ka karkata shi gefe. Makaranta in dai abu ɗaya za ta saya, to wannan ne. A kansa ne kaɗai ɗalibi zai ga lanƙwasa huɗun da Allah ya yi wa gadon baya: wuya ya lotsa gaba, ƙirji ya turo baya, tsatso ya sake lotsawa gaba, sakrum ya koma baya. A kansa nake nuna yadda tarin fuka yake cinye jikin gaɓa daga gaba har ta rufta, doro ya fito, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779, wadda har gobe ake kai masu ita Asibitin Ƙashi na Dala. Kuma saboda yana da ƙugu, ɗalibi zai ɗora yatsu a saman ƙasusuwan kwankwaso biyu ya ja layi ya faɗa kusa da L4. Ta haka ake laluben wurin allurar baya, domin lakar babban mutum tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, abin da ya rage a ƙasa jijiyoyi ne a warwatse kamar jelar doki.

Ga masu makarantar ungozoma, a kula: yawancin waɗannan samfura ƙugun namiji ake sa musu. Na mace ya fi faɗi, ƙofarsa ta fi buɗewa. In ba ka tambaya ba, na namiji za a naɗe maka.

A nan ne maganar kamfani take shigowa. Na Jamus, irin su 3B Scientific da SOMSO da Erler-Zimmer, sun yi suna wajen fitar da kowane tudu da kwari na ƙashi daidai, kuma suna jure hannun ɗalibai shekara da shekaru. Kuɗinsu kuwa yakan ninka na Sin sau da yawa, ga canjin kuɗi ga kuɗin dako. Na Sin su ne za ka fi samu a shagunan kayan asibiti da Jumia da AliExpress, kuma ba na hana kowa sayensu, domin akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu. Sai dai duk ɗaya suke a hoto. Na taɓa yin odar wani ta intanet da kuɗin da ɗalibai suka yi karo-karo, da ya iso na ƙirga na ƙirji na samu 11, gaɓar farko ta wuya kuma an zuba ta da jiki kamar sauran. Abin ya yi mini ciwo, domin yaran nan daga kuɗin abincinsu suka cire, kuma samfur mai kuskure ya fi rashinsa illa: abin da ido ya gani a shekarar farko da wuya ya goge.

Tun daga ranar ba na biya sai na ƙirga. Ka fara da yatsa daga sama, 7, 12, 5. Ka duba ta farko, atlas: zobe ce, ba ta da jiki ba ta da ƙaya, wato tsinin ƙashin da yake turowa ta baya. Ta biyu, aksis, dole a ga wani tsinke kamar haƙori ya miƙe ya shiga cikin zoben, shi ne madogarar da kai yake juyawa a kanta in ka yi sallama dama da hagu. Hudujin fikafikan wuya su kasance a buɗe, jan zaren da yake wakiltar jijiyar jini mai hawa zuwa ƙwaƙwalwa ya bi ta cikinsu. Ƙayar C7 ta fi na samanta tsawo, ita ce kake tsinta a gindin wuyanka in ka sunkuyar da kai. Na ƙirji ƙayoyinsu sun sunkuya ƙasa suna hawa kan juna, kuma akwai ɗan gurbi a gefe inda haƙarƙari yake zama. Na tsatso masu kauri ne, jikinsu kamar ƙoda. Sakrum yana da huduji huɗu-huɗu a kowane ɓangare. In ta waya kake ciniki, ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin wanda za a aiko, a juya shi a hankali. Sannan ka tambaya ko da sandar tsayawarsa, don sau da yawa daban ake sayar da ita.

Ƙaramin samfur na kan tebur, mai rabin girma, yana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, amma duk abubuwan da na lissafa sun cure a kansa. Ado ne a ofis.

Mai ɗakin gashin ƙashi ko ƙaramin asibiti ba lallai ne ya sayi cikakke ba. Yankin tsatso kaɗai, gaɓa biyar da sakrum da jijiyoyi masu launin ɗorawa, ya ishe shi, musamman wanda aka yi wa faifai ɗaya da ya bullo. Na ga wani dattijo manomi da ya daɗe yana shafa man zafi a sha-raɓarsa yana cewa ciwon a ƙafa yake. Da aka sa yatsansa a kan jan bullin robar, ya ga yadda ya danne jijiyar da take sauka ƙafa, sai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe daga nan ne." Abu ɗaya za ka riƙa gyarawa da baki: masu ƙera samfur sukan sa bullin tsakanin L3 da L4, alhali a jikin majinyata ya fi faruwa tsakanin L4 da L5, ko L5 da S1.

Ɗalibin da yake fuskantar jarrabawa kuwa, shawarata gaɓoɓi warwatsattsu ne, waɗanda ake zurawa a igiya kamar carbi. Ku haɗu ku biyar ku sayi saiti ɗaya, ku zuba a jaka, kowa ya zura hannu ido rufe ya faɗi abin da ya ɗauko. Manhajoji irin su Complete Anatomy da Visible Body suna nuna tsoka da jijiya fiye da kowace roba, amma suna son waya mai ƙarfi da caji, wasu da kuɗin shekara, kuma gilashin waya ba shi da kauri da za ka laluba.

Ƙashin mutum na gaske kada ma ka nema. Indiya, wadda ta daɗe tana sayar wa duniya da ƙwarangwal, ta hana fitar da shi tun 1985, kuma duk wanda ya yi maka tallansa a ɓoye ba ka san gawar wa aka keta wa haddi ba. Wanda aljihunsa bai kai ko na Sin ba, ya jira Babbar Sallah ya roƙi wuyan rago. Gaɓoɓinsa 7 ne kamar namu, haka na raƙumi da raƙumin dawa. A dafa shi har naman ya saki, a wanke a shanya a inuwa, za ka ga atlas da aksis suna juyawa a hannunka. Sai dai ka tsaya a wuyan, domin na ƙirjin rago 13 ne.

In samfurin ya iso, kada a bar shi cikin mota a rana ko kusa da taga a watan Afrilu, roba tana laushi ta karkace. Da hunturu a lulluɓe shi da tsohon zane, a riƙa goge shi da tsumma mai ɗan danshi, ban da kananzir.