Ina tsakiyar kuka ta ce lokaci ya cika

Wata bakwai ke nan ina zuwa wajen wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Unguwar Rimi, duk Talata bayan la'asar. Ba zan kama suna ba. Masu zuwa sun san gidan, sun kuma san kuɗin zama ɗaya, wanda ba na malamar firamare irina ba ne. Rashin barci ya kai ni, tun rasuwar Baba. Na sha rubutu, na sha ƙwayar asibiti, amma idona biyu har kiran assalatu.

Na je da zaton shawara zan samu, sai ta ce, “Malama, faɗi duk abin da ya zo miki a rai, ko shirme ne, kada ki tace.” Ta ce aikin nata reshe ne na saikoanalisis, hanyar Sigmund Freud, likitan jijiyoyi na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. A ganinsa akwai abin da mutum ke binnewa a zuci har ya manta, amma shi ke juya shi, yana leƙowa ta mafarki, ta suɓutar baki, ko ta ciwon da gwaji ba ya gani. Wata mara lafiya da abokin aikinsa Josef Breuer yake dubawa ce ta raɗa wa abin suna maganin zance, labarinta na cikin littafin da suka fitar tare a 1895. A saikoanalisis na asali, kwanciya ake yi a doguwar kujera, likita na zaune ta bayan kanka, sau huɗu ko biyar a mako, shekara da shekaru. Mu sau ɗaya ne, muna kallon juna. Da na asalin ne da tuni na sayar da filina na Rigasa.

A zama na tara abin ya faru. Na fara ba ta labarin da ko mijina bai sani ba: daren da Baba zai rasu ya kira ni sau biyu, na ƙi ɗagawa saboda ina fushi da shi. Kuka nake yi har da shessheka, mayafina ya jiƙe. Matar nan ta ɗaga kai ta dubi agogo ta ce, “Malama, lokacinmu ya cika, sai Talata.” Minti 50 cif! Haka na fito bakin titi ina tarar keke da kumburarrun idanu, mai keken na ta yi min sannu, ya zaci rasuwa aka yi min yanzu. Kafin mu isa Tudun Wada na rantse ba ni ba ita.

Na koma dai, don in zazzage mata. Na ce, “Dakta, ko maƙwabciya ba ta yi wa mutum haka.” Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kare kanta ba. Cewa ta yi, “Wa ya saba sallamar ki kina cikin magana?” Jikina ya yi sanyi. Baba ne. Tun ina ƙarama, in na zo masa da zance sai ya ƙara muryar rediyo ya ce, je ki, sai an jima. Ashe fushin shekara talatin na sauke mata, wai kuma da ma hakan ake jira: mara lafiya ya juya wa likita abin da yake ji game da wani, sai a gan shi a fili. Daren nan na yi barci har na makara sallar asuba. Da a makon na rubuta wannan sharhin, da yabo kawai za ku karanta.

To amma watan jiya aka yi mana rasuwa a Zariya, na yi kwana uku a zaman makoki, Talata ta faɗo ciki. Na aika wa Dakta saƙo tun Litinin. Da na dawo sai ga lissafi har da ranar da ban zo ba. Wai ƙa'ida ce tun daga Freud, lokacin nawa ne ko na zo ko ban zo ba. Shi Freud ɗin ya san abin da dangi za su ce in ba a gan ka a gidan rasuwa ba? Abin da ya fi ƙona min rai, har tambaya ta ta yi ko tafiyar ta zo min daidai ne don in guje wa zancen Baba. Gawar ƙanwar mahaifiyata fa muke magana!

Rabi na biya. Sauran rabin muna nan muna ja, ita kuma ta ce Talata mai zuwa mu tattauna a kan jan da nake yi.