YouTube a matsayin kasuwar fim: abin da mai shiri a Sakkwato zai tarar

Da can lissafin fim a fili yake: furodusa ya gama aiki, a buga faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su rarraba, dillalan Sakkwato su saro su baza. Masu turi a waya suka karya wannan ciniki, zaman gida na korona a 2020 kuma ya ƙarasa kora masu shiri zuwa YouTube da fim mai dogon zango. Yanzu duk saurayin da ke da kyamara a Mabera ko Arkilla maganarsa ɗaya ce, zai buɗe tasha. Rumfa ce mai kyau, ba haya ba dillali, amma ba ta biya yadda ake zato.

Buɗe tasha kyauta ne. Sai dai kafin a fara sa maka talla kana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Mabiyan ba su da wuyar samu, awannin ne aiki. Idan kashi ɗaya na shirinka minti 40 ne, mutane kuma suna kallon rabinsa su fita, sai an kalla sau 12,000 kafin awannin su cika. Shi ya sa shiri mai fita kowane mako ya fi fim guda dacewa da wannan kasuwa: fim guda ya yi tashe kwana uku ya kwanta, mai dogon zango kuwa kowane sabon kashi yana jawo mutane su koma su kalli na baya.

In an karɓe ka, rabon kuɗin talla kashi 55 cikin ɗari naka ne a dogon bidiyo, 45 na kamfanin. A nan ne da yawa ke shan mamaki, domin ba yawan masu kallo ake biya ba, abin da masu talla suka zuba a ƙasar da mai kallon yake shi ake rabawa. Bahaushe ɗaya da ke kallo daga Ingila ko Amurka ya fi mutane da dama na Gwadabawa ko Ƙonni kawo kuɗi, alhali na gidan su ne ainihin masoyan shirin. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya. Kada ka bar wa na'ura ita kaɗai ta zaɓi wurin, tana iya yanke zance ana tsakiyar kuka; saka tallan da hannunka a ƙarshen fitowa.

Hanyar fitar da kuɗin ita ce mafi gajiyarwa. Da zarar asusun AdSense, wanda ta nan ake biyan kuɗin tallan, ya tara dala 10, za a aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya, ka shigar da ita cikin wata huɗu ko a tsayar da tallan. Mai adireshi irin "bayan masallaci, kusa da mai shayi" ya san takardar ba za ta same shi ba, gara ya ba da akwatin gidan waya ko adireshin shago da aka sani. Ba a biya sai kuɗi ya kai dala 100, ana turawa tsakanin 21 da 26 ga wata, kuma sunan da ke AdSense ya zama daidai da na banki, harafi da harafi. Muhammadu a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa kuɗi ya maƙale. Akwai kuma takardar harajin Amurka: wanda ya cike ana cire masa har kashi 30 daga abin da masu kallon Amurka kaɗai suka kawo, wanda ya yi biris ana iya cire kashi 24 daga kuɗinsa gaba ɗaya.

Ɗora aikin ma da nasa nauyi. Kashi mai minti 45 a 1080p, wato hoto mai fita tar, yana kai wajen giga 2.7, ga tsadar data, ga wutar da ba ta da tabbas, ga zafin Afrilu da ke sa waya ta ɗau zafi ta katse. A ɗora da dare, da kwamfuta, kwana ɗaya kafin ranar saki. Masu kallo da dama a ƙaramin hoto na 360p suke kallo don tattalin data, saboda haka sautin da ke fita tsaf ya fi kyamara mai tsada amfani.

Kiɗan wani da edita ya ɗauko ya shimfiɗa a ƙarƙashin fitowa, ko na daƙiƙa kaɗan ne, na'urar Content ID na gane shi, kuɗin kashin ya koma wa mai kiɗan. Gargaɗin satar fasaha uku cikin kwana 90 kuwa rufe tasha ne. Haka cewa abokai su riƙa danna talla, ko sayen mabiya: ana ganewa.

Inda YouTube ba ta da magani shi ne shagon turi. Mutum ɗaya ya sauke da safe, kafin azahar shirin ya zaga unguwa ta Xender, ba kallo ɗaya da aka ƙirga maka. Wanda ya sake ɗorawa a tasharsa kana iya kai ƙara a sauke, na cikin memori kuwa ya tafi ke nan. Masu wayo sun daina faɗa da wannan, suna sayar da talla a cikin shirin kansa, na mai turare, mai atamfa ko makaranta, don ko an tura tallan na biye. Sau da yawa wannan kuɗin ne ke biyan 'yan wasa, na YouTube ya zama ƙari.

Tun ranar farko a buɗe tashar da imel ɗin mai ita ko na kamfani, a sa tabbacin shiga mai mataki biyu, edita kuma a ba shi izinin aiki kawai daga cikin YouTube Studio. Duk wanda imel da AdSense ke hannunsa shi ke da tashar, ko wa ya zuba kuɗin fim ɗin.